Zuwa ga Yaya a Gaya: mu sayi kayan gyara a Ikko, mu bar musu injin

Assalamu alaikum, Yaya. A gaishe min da Inna da dukan mutanen bakin kogi. Kan injin jirgi na hannu, wato wanda aka riga aka yi aiki da shi, da ka ce in duba maka, shawarata ita ce mu riƙa sayen kayan gyara a Ikko, wato Legas, amma injin da ya yi aiki a ruwan garin nan kada mu kai kuɗinmu kansa.

Dalilin shi ne gishiri. Kogin Isa ruwan daɗi ne, shi ya sa Yamaha Enduro mai doki 40 yake tsufa a wajenmu ƙarfensa garau. Ruwan Ikko kuwa haɗe yake da teku, da rani gishirinsa ma ƙaruwa yake. Fenti na iya sheƙi a waje alhali tsatsa ta gama aiki a ciki.

Inda ta fi yin ɓarna a ɓoye shi ne bututun nan da ya ratsa maƙalar inji, wato ƙarfen da ke riƙe inji a bayan jirgi, daga gefe zuwa gefe, wanda a kansa inji yake ɗagawa idan za a fitar da farfela daga ruwa. A gida ba ma waiwayarsa, tunda da hannu muke tuƙi. A nan jiragen fasinja da yawa masu zirga-zirga tsakanin Ikorodu da tashar jirgin ruwa ta CMS da sitiyari ake tuƙa su, kuma sandar wayar sitiyarin ta cikin bututun take kai-komo. Ruwan gishiri ya shiga, giris ya bushe, sanda ta cije. Ka ga jirgi cike da mutane yana gudu, sitiyari ya ƙi juyawa, Allah Ya kiyaye.

Na tsaya na ga an canza bututun a bakin ruwa a Apapa, kuma aikin ya burge ni. Sai da bakanike ya rataye injin da sarƙa tukuna, domin da zarar bututu ya fita babu abin da ke riƙe da nauyinsa. Ya zare wayar sitiyari, ya kwance notin kowane gefe, ya jiƙa wurin da man sassauta tsatsa. Tsohon bututun ya ƙi motsi sai da aka ɗan gasa shi da wuta, sannan aka riƙa bugunsa a hankali. Ya ce min wanda ya yi gaggawa da guduma zai buɗa bakin bututu ko ya fasa maƙala, wadda ta fi bututun tsada nesa ba kusa ba. Sabon da ya saka na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, da sabbin bushin da washa, ya dura giris na ruwa har ya tsattsafo, kuma bai ɗaure noti tamau ba don inji ya samu ɗagawa.

Nan ne suka fi mu, Yaya. Abin da za ka jira a kawo maka daga Malanbil ko Yamai, a nan ranar za ka same shi, sai dai dole ka faɗi lambar injinka, kuma jabu ya yi yawa. Ga kuma LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas da aka kafa a 2008, wadda ta wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Wallahi ina fata mu ma mu riƙe wannan. 

Ka turo min hoton lambar da ke jikin maƙalar injinka. Zan haɗo maka bushin, da robar famfon ruwa, da gwangwanin giris, in ba direban da ke zuwa Kamba.