'Yar rediyon nan mai sola da na saya wa Inna: ga yadda take bayan shekara biyu

Wani abokina ya tambaye ni kwanaki wai 'yan rediyon nan masu sola da tocila da suka cika kasuwa suna da amfani kuwa ko zubar da kuɗi ne, na ce masa ya bari in zauna in rubuta don maganar da ɗan tsawo. Ni dai na sayi ɗaya farkon 2024 a kasuwar Sabon Gari nan Kano, ba don kaina ba, don Innarmu da ke ƙauye can yankin Auyo a Jigawa. Kuma ba don kiɗa na saya ba, don sanarwar lafiya ce kawai.

Abin da ya tunzura ni mashaƙo ne. Duk wanda yake Kano a 2023 ya san yadda ciwon nan ya yi mana, mu ne muka fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kullum in ka buɗe waya sai ka ga alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, da gargaɗin a duba katin rigakafin yara. Rannan na kira Inna na ce Inna kun ji maganar mashaƙon nan ko, ta ce wane mashaƙo kuma Auta? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe tun da tsohuwar rediyon marigayi Baba ta mutu babu wani abin jin labari a gidan, wayarta ƙarama ce rakani-kashi, netwok ɗin ma sai an fita bakin masallaci. A cikin hirar take ce min ai jikan maƙwabciyarta wuyansa ya kumbura yana ta zazzaɓi ba ya iya haɗiye ko koko, wasu sun ce hangum ne wasu sun ce a kai wa wanzami ya cire beli. Na ce don girman Allah Inna ku ce su kai shi asibiti yau ɗin nan kar a taɓa maƙogwaronsa. Sun kai shi, ya warke alhamdulillah, ban ma san me likitoci suka ce yana damunsa ba, amma ni tun daga ranar na ce gidan nan ba zai ƙara zama babu rediyo ba.

To ga kayan. Girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba, ta roba ce, bayanta akwai ɗan faifan sola, gefe tocila, akwai wurin sa memori da filas, tana kama FM da AM da gajeren zango. Sunan da ke jikinta ba zan ma faɗa ba don na lura kwali ɗaya ne ake canza wa suna, shago uku na shiga na ga abu iri ɗaya da suna uku. Mai shagon ya ce min yallaɓai wannan in ka ajiye ta a rana awa uku sai ta kwana biyu tana magana. Na yi dariya kawai, ɗan kasuwa ai ba ya kushe hajarsa.

Maganar solar nan ita ce ƙarya ta farko. Faifan ƙarami ne sosai, in ta wuni a rana cur abin da za ta ba ka bai fi ka ji labaran safe da na dare ba, in kuwa lokacin hunturu ne ƙura ta rufe shi to sai an riƙa gogewa da tsumma. Kuma ajiye ta a ranar watan Afrilu irin ta Jigawa cutar da batirin ne, robar ma har ta fara kodewa. Abin da ya cece mu shi ne batirinta irin dogon nan ne 18650 da ake cirewa, sai na sayi ƙarin guda biyu, ɗan yayata yana kai su wurin mai cajin waya ranar kasuwa. In za ka saya ka buɗe bayan ka gani da idonka, in batirin a manne yake ciki ba ya fita ka ajiye musu abarsu.

Wajen kamu kam ba laifi. FM tana kawo tashoshin Dutse da Haɗeja garau, na Kano kuma sai da dare ko da asuba suke shigowa, shi ma sai an ja eriya an juya ta gabas an juya ta yamma. Gajeren zango yana yi amma abin murɗawar ba shi da ƙarfi, kana cikin jin BBC Hausa na ƙarfe takwas da rabi na dare sai tashar ta zame ka ji wani yare daban, sai ka sake lallaɓa ta kamar mai zare ƙaya. Inna ta gaji da wannan ta ɗauko jan farce ta ɗiga a daidai wurin, yanzu ko a duhu tana gane shi. Sannan in an jona ta a caji tana kunne sai ƙugi ya rufe maganar gaba ɗaya, musamman AM da gajeren zango. Eriyar kuma wata na huɗu yara suka karya ta, aka ɗaura mata wayar kwafa, kuma abin mamaki ta fi kamu yanzu.

Yanzu ainihin abin da na saye ta dominsa. Ba ta fi wata biyu a gidan ba aka shiga maganar sanƙarau, don zafin 2024 ya zo da shi a Jigawa da Yobe da Bauchi da wasu jihohi, kuma a lokacin ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Wannan karon ba ni na kira ba, ita ta kira ni. Ta ce Auta ka ji an ce a daina cunkusuwa a ɗaki ɗaya a buɗe tagogi, in yaro ya yi zazzaɓi wuyansa ya sanƙare kar a tsaya jiƙe-jiƙe, ka gaya wa matarka. Ni da nake da data da komai ni ake wa sanarwa daga ƙauye. Kuma ku sani mutanen Inna ba sa wasa da sanƙarau, sun ga na 1996 da idonsu, sun kuma san abin da gwajin maganin Trovan na Pfizer ya bari a zukatan mutane a Kano, shi ya sa in aka ce allura sai sun ji daga bakin wanda suka yarda da shi. Likita ya yi bayani da Hausa a rediyo, mutane suka bugo waya suka yi masa tambayoyi, limamin gari ya maimaita ranar Juma'a, wannan ya fi takarda goma ta Turanci da aka saka a intanet.

Nan ne nake ganin darajar abin. Hukumomin nan suna fitar da gargaɗi, NCDC tana fitar da rahoton zazzaɓin Lassa da kwalara, hukumar yanayi NiMet tana faɗin hasashen damina da na tsananin zafi, hukumar lura da ruwa NIHSA tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, amma yawanci da Turanci ne kuma a waya mai data. Ma'aikatan gidan rediyo ne ke mayar da shi Hausar da tsohuwa za ta gane, su ce a rufe hatsi saboda ɓera, a daina shanya abinci a ƙasa bakin titi, a tafasa ruwa in an fara jin amai da gudawa a maƙwabta. Mu da muke gefen kogin Haɗeja, waɗanda ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa, jin cewa ruwa na tafe ko da kwana biyu ne kafin ya iso ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri a Satumban 2024 Inna kwana ta yi da rediyon a kunne kamar a garinmu ake yi, washegari ta sa aka ɗage buhunan gero kan benci.

Amma kar in yi ta yabo kamar an biya ni. Rediyo ba ta komawa baya, abin da ya wuce ya wuce. A Afrilun 2024 da NAFDAC ta ce a janye wani kashi na maganin tarin yara Benylin saboda a cewarta an sami sinadari mai guba a ciki, abin da ake buƙata shi ne lambar da ke jikin kwalbar, to wa zai riƙe lamba da aka karanta sau ɗaya da sauri? Abin da ya isa kunnen Inna shi ne "maganin tarin yara akwai guba", sai ta tattara duk wata kwalba da ke gidan har da na ƙarin jini ta zuba a masai. Sai da na nemo sanarwar a waya na yi mata bayani. Irin wannan wurin waya ta fi.

Abu na biyu ba laifin na'urar ba ne amma dole in faɗa. Tashar da ta gama sa likita yanzu, minti biyar bayan nan sai ta sa mai tallar magani yana cewa garinsa ɗaya na maganin suga da hawan jini da basir da sanyi, kuma a kunnen tsohuwa duk "rediyo ce ta faɗa". Mun sha rigima da Inna a kan wannan, a ƙarshe muka yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ƙare maganarsa da lambar waya da farashi to ɗan kasuwa ne, ta bar shi.

Duk da haka in aka haɗa da abin da ke yawo a WhatsApp, rediyo ta fi tsafta nesa ba kusa ba. Kun tuna daren nan na Agustan 2014 lokacin Ebola da aka yi ta tashin mutane a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Har rayuka aka rasa, wasu da yawa suka kwanta asibiti, ni kaina na yi wankan ba zan ɓoye ba. Yanzu abin ya ƙaru, kowace safiya da sabon odiyo a guruf ɗin dangi, wani wanda ba a san shi ba yana cewa kar a ci kaza kar a sha kaza. Inna ta samo wa kanta doka, in yara suka kunna mata irin wannan sai ta ce a bari mu ji ko za a faɗa a labaran dare. In an yi kwana biyu ba a faɗa ba ta watsar.

Na rubuta mata lambar NCDC ta kyauta 6232 da biron maka a bayan rediyon, ƙasan faifan solar, har yanzu dai ba ta taɓa kira ba, ta ce ita ma'aikaciyar asibitin garin ta fi mata sauƙi. Wurin memori kuwa na yi kuskure da na nuna wa yara, don sai su cinye cajin da waƙoƙi kafin lokacin labarai, yanzu memorin karatun Alƙur'ani ne kawai a ciki kuma rediyon a ƙarƙashin filonta take kwana.

In za ka saya wa wani naka, ka gwada ta a shagon kafin ka biya, ka murɗa gajeren zango ka ji ko da ƙugi ne yana motsi, don wasu an rubuta a jiki ne kawai babu komai a ciki. Ka nemi mai maɓallin murɗawa ba mai dannawa da yawa ba, tsofaffi ba sa son wannan. Sola ka ɗauke ta a matsayin gyara, batirin cirewa shi ne magana. Tocilar tata ta mutu tun bara, sifikar ta fara ɗan karkarwa in an ƙure murya, amma tana nan tana aiki. Satin da ya wuce Goggo ta je gaishe ta ta ga abin, yanzu an aiko min saƙo wai ita ma a kawo mata irinta kafin azumi, amma ja take so ba baƙa ba.