Keken da Baba zai tura a kan ƙanƙara

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Na ga hoton keken dogarawar da ka turo, wanda kake son saya masa kafin ya taso a watan Janairu. Don Allah ka dakata tukuna. Keken ba shi da laifi, a cikin ɗaki ko a barandar asibiti zai yi aikinsa. Amma tayoyin nan nasa ƙanana, masu tauri irin na akwatin tafiya, ko bakin titi ba za su kai shi ba a hunturun Suwidin.

Ka san aikina bin tsofaffi ne gida-gida ina kula da su, kuma da wuya in shiga gidan da babu wannan keke a bakin ƙofa. Rolato suke ce masa. A garin nan da nake zaune, Västerås, aka ƙirƙiro shi. Wata mata ce mai suna Aina Wifalk, wadda shan-inna ya kama tana da shekara 21. Sandunan da ta daɗe tana dogarawa suka cinye mata kafaɗu, shi ne a 1978 ta fito da tsarin keke mai taya huɗu da birki da wurin zama. Ta ƙi yi masa rajistar mallaka, don kowa ya iya ƙerawa ya isa ga mabuƙata. Duk lokacin da na ga tsohuwa ta tsaya ta zauna a kan nata ta huta, sai matar nan ta faɗo mini a rai.

Mazaunin ƙasar ba lallai ne ya saya ba. Ma'aikacin gashin ƙashi ne zai duba shi, ya auna shi, a ba shi aro daga ma'ajiyar kayan taimako ta hukuma. Wani yanki kyauta, wani yanki da ɗan kuɗi. Idan birki ya lalace a gyara, idan buƙata ta ƙare a mayar. Baba baƙo ne, wannan ba zai same shi ba, saye za mu yi. Gara in saya a nan, inda zan taɓa da hannuna in gwada, in kuma san akwai kayan gyaransa.

Bambancin kekunan a taya yake. Na cikin gida tayarsa ba ta wuce santimita 15 zuwa 20. Na waje yana da 25 zuwa 30, roba mai laushi da zane mai zurfi, wasu ma na iska ne kamar na keken hawa. Ƙaramar taya da ta haɗu da dusar ƙanƙara sai ta nutse ta cije, keken ya tsaya cak alhali jikin mutum bai tsaya ba, sai ka gan shi ya kifa ta sama. Babbar kuwa hawa take yi ta wuce. Ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi wuyar sawa a mota, duk na yarda. Shi zan saya.

Sai dai abin da ya fi damuna, Yaya, shi ne yadda mutane ke ba wa birki amanar da ba zai iya riƙewa ba. Birki taya yake kamawa, ba ƙasa ba. A kan ƙanƙara mai santsi, ko ka matse shi iya ƙarfinka, tayar za ta daina juyawa amma keken zai ci gaba da zamewa, ya ja ka. Na gani da idona bara. Wata tsohuwa da nake rakawa ta zo 'yar gangara a gaban gidansu, ta matse birki kamar yadda aka koya mata, keken ya tafi da ita. Allah Ya sa ina riƙe da bayan rigarta, muka durƙusa tare. Da ita kaɗai ce, ƙila da ƙugu ya karye, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru tamanin ba ƙaramin abu ba ne. Na san waɗanda tun daga nan ba su sake tafiya da ƙafarsu ba. Ranar da muka durƙusa ɗin ma ba a yi wani sanyin kirki ba. Ranakun da ma'aunin zafi ke yawo kusa da sifiri su ne mugaye: ƙanƙara ta narke da rana, ta daskare da dare, da safe ƙasa ta zama kamar gilashi, wani lokaci 'yar dusa ta rufe ta ba ka gani. Ranar da sanyi ya kai goma ƙasa da sifiri, dusar ta bushe tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, ta fi aminci nesa ba kusa ba.

Don haka rabin tsaron a ƙafa yake. Akwai wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, wasu ƙananan hukumomi ma kyauta suke raba wa tsofaffinsu. Zan saya wa Baba, amma sai mun koya masa cire ta a bakin ƙofa, domin a kan tayil ƙusoshin su ne ke zamar da mutum. Safar hannu kuma mai yatsu za a sa masa, mai ɗan kamu a tafin. Irin mai kauri da ke haɗe yatsu wuri ɗaya tana hana hannu kama birki da sauri.

Sauran kuwa sabo ne. Ya riƙa tafiya a cikin keken, ƙafafunsa tsakanin tayoyin baya, ba ya tura shi can gaba yana binsa a sunkuye ba. Taku gajere, ba gaggawa. Kaya a kwando, kada a rataya leda a mariƙi. Kafin ya zauna ya danna birki biyun ƙasa su kulle, kuma kada ya zauna a gangara ko a kan santsi ko da sun kulle. In an dawo gida a goge tayoyi, a duba wayar birki, saboda gishirin da ake zubawa a hanya yana kawo tsatsa, ruwan da ke ɗiga kuma shi ma santsi ne a tsakar ɗaki.

Hidimar hanya ta burge ni tun zuwana, ko da yake ba ko'ina take daidai ba. Tun da asuba motoci ke fita share dusa suna watsa yashi da tsakuwa. A tsakiyar garinmu akwai titunan da aka binne bututun ruwan zafi a ƙarƙashinsu, dusa na sauka tana narkewa. Nan zan riƙa kai Baba ya miƙe ƙafa. Amma a unguwa, motar da ta share titi takan tara tudun dusa daidai wurin tsallakawa, kuma nan ne mai keke ke shan wuya. Ba na barin tsoho ya ɗaga keke ya haura irin wannan tudu, gara mu zagaya.

Ga kuma duhu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9, kafin ƙarfe 3 ta faɗi, Janairu ma kaɗan ya fi. Za mu maƙala wa keken fitila da abin nan mai walƙiya idan hasken mota ya doke shi, mu riƙa fita tsakanin hantsi da azahar.

Na san za ka ce to a bar shi a ɗaki mana har sanyi ya wuce. Kada mu yi masa haka. Tsohon da ya yi wata biyu a zaune ƙafafunsa raguwa suke yi, ranar da ya miƙe kuma ita ce ranar faɗuwa. Ranar santsi za mu zauna, ya yi zagayensa a dogon barandar benenmu. Ranar da hanya ta yi kyau kuwa zai fita, ina gefensa.

Abin da nake so ka turo mini cikin makon nan: lambar takalminsa, nauyinsa, sannan ka sa shi ya tsaya da takalmi a ƙafa, hannuwa a sake, ka auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa. Daidai nan mariƙin zai tsaya. Ka gaida Baba da kyau, ka ce masa rigar sanyinsa tana nan na ajiye.

Ƙanwarka.