Sharhi Kan Sarrafa Word da Excel da Kibod Kaɗai, Ba Tare da Linzami Ba

Mutane da yawa sun taɓa danna maɓallin Alt bisa kuskure a cikin Word ko Excel, suka ga wasu ƙananan haruffa sun ɓullo a kan umarnin da ke jere a saman allo, suka yi maza suka danna Esc don gudun kada su ɓata wani abu. Waɗannan haruffa, da Microsoft ya sa wa suna KeyTips, su ne hanyar da mutum zai bi ya kai ga kowane umarni na manhajar ba tare da ya ɗaga hannunsa daga kibod ya kama linzami, wato mouse, ba. Na daɗe ina amfani da su wajen buga rahotanni, takardun taro da jadawalin sakamakon jarrabawa, na kuma gwada irin wannan aiki a LibreOffice, wata manhajar ofis mai kama da su, domin in ga bambancin. Ra'ayina shi ne, ga aikin rubutu da lissafi wannan hanya ta isa, har ta fi linzami sauri idan hannu ya saba, amma akwai wuraren da nacewa a kanta ɓata lokaci ne kawai.

Har zuwa Office 2003, umarnin Word da Excel suna cikin jerin menu ne masu saukowa ƙasa, kuma kowane suna yana da harafi guda da aka ja wa layi a ƙarƙashinsa, wanda ake haɗawa da Alt a buɗe shi. A Office 2007 aka kawar da wannan tsari, aka kawo faffaɗan zirin umarni mai shafuka da ake kira Ribbon, kuma tare da shi ne KeyTips suka zo. Yadda suke aiki ba shi da wuya: a danna Alt a sake shi, sai harafi ya bayyana a kan kowane shafi, H a kan Home, N a kan Insert, P a kan shafin tsara takarda, R a kan Review, W a kan View, F kuma a kan File. Da zarar an danna harafin shafi, sai wasu haruffan su fito a kan kowane umarni da ke cikinsa. Wanda yake son canza girman rubutu zai danna Alt, H, F, S, ya rubuta 14, ya danna Enter. Wanda yake son juya takarda ta kwanta zai danna Alt, P, O, ya zaɓa da kibiya.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne ba a haɗa maɓallan a lokaci guda, bi da bi ake danna su, kuma allon yana nuna mataki na gaba a kowane lokaci. Saboda haka ba sai mutum ya zauna ya haddace dogon jeri kafin ya fara ba. Da farko yana karantawa yana dannawa a hankali, daga baya kuma yatsu su riƙe hanyar da kansu, kamar yadda ƙafa take sanin lungun unguwarsu ko da an ɗauke wuta. Idan aka shiga shafin da ba shi ake nufi ba, Esc yana komar da mutum baya mataki ɗaya maimakon ya rushe komai. Wannan dannawa bi da bi tana da amfani na musamman ga mai aiki da hannu ɗaya, wanda haɗa maɓalli uku a lokaci guda yake yi wa wuya.

A Excel ne na fi cin moriyar abin, domin aikin jadawali maimaici ne. Idan aka kawo mini sakamakon aji, sunayen ɗalibai sun fi gidajensu tsawo kuma babu layukan da suka raba su, abin da nake yi ba ya sauyawa: Ctrl da A domin zaɓar jadawalin, Alt, H, O, I domin kowane layin tsaye ya buɗe daidai da tsawon abin da ke cikinsa, sannan Alt, H, B, A domin a zagaye kowane gida da layi. Daga nan sai Alt, W, F, R, wanda yake kafe layin farko a sama yadda sunayen darussa ba za su ɓace ba idan aka gangara ƙasa, sai Alt da alamar daidai a ƙarshen layi domin a tara maki. Da linzami, wannan aiki yana buƙatar kai-komo tsakanin shafuka biyu da buɗe ƙananan jeri uku, kuma kowane buɗewa sai an saita kibiya a kan wani ɗan ƙaramin kusurwa. Da kibod kuwa ana gama shi kafin mai takardar ya gama bayanin abin da yake so. Ga wanda yake yin wannan sau ɗaya a wata bambancin ba wani abu ba ne, amma ga mai shagon buga takardu da ɗalibai suka yi wa layi lokacin miƙa kundin kammala karatu, babban abu ne.

Wani abin yabo kuma shi ne ba a yar da tsofaffin hanyoyin Office 2003 ba. Har yanzu Alt, E, S yana buɗe tagar liƙawa ta musamman a Excel, wadda ake amfani da ita a ɗauko lambobi zalla a bar dabarar lissafin da ta samar da su, kuma Alt, O, P yana buɗe tagar tsara sakin layi a Word. Sai dai a nan babu haruffan jagora, wani ɗan akwati ne kawai yake fitowa yana sanar da cewa an shiga tsohuwar hanya, don haka wanda bai san ta tun da ba, ba zai koye ta daga allo ba. Sau da yawa tsohuwar ta fi sabuwar gajarta, shi ya sa har yau nake cakuɗa su.

Ga mai rubutun Hausa, babbar jarrabawar ita ce haruffa masu lanƙwasa. Hanyar da aka fi sani ita ce Alt, N, U, M, wadda take buɗe tagar alamomi, amma neman ƙ ko ɗ da kibiya a cikin ɗaruruwan alamomi aiki ne mai gajiyarwa. Word yana da wata hanyar: a rubuta lambar harafin, a danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗa ta koma harafi. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, manyansu kuwa 0198, 018A da 0181, alamar naira kuma 20A6. Amma akwai tarko a ciki wanda ya fi kama Hausa. Waɗannan lambobi suna amfani da haruffan a zuwa f a matsayin alƙaluma, don haka idan mutum yana rubuta kalmar haɗa, ya buga h da a sannan 0257, manhajar za ta ɗauki wannan a ɗin a matsayin farkon lambar, ta fitar da wani abu dabam ko ta ƙi yin komai. Tun da galibi harafi mai lanƙwasa a tsakiyar kalma wasali ne yake zuwa kafinsa, kuma a ya fi kowane wasali yawa a harshen, matsalar kullum ce. Maganinta shi ne a sa U+ kafin lambar. Abin da ya fi wannan sauƙi kuma shi ne a buɗe tagar alamomin sau ɗaya, a zaɓi harafin, a yi amfani da maɓallin Shortcut Key da ke ƙasanta a ba shi gajeriyar hanya tasa. Ni haka na yi wa dukkan haruffan, manya da ƙanana, kuma tun daga lokacin ban sake buɗe tagar ba.

Wanda ya sa harshe fiye da ɗaya a kibod ɗinsa, misali Hausa da Turanci da Larabci, ya kula cewa Alt na hagu tare da Shift yana sauya harshen rubutu a Windows, kuma yatsa mai sauri yana iya haɗa su ba da niyya ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne duk abin da ya shafi hoto da zane. Sa hoto a takarda ba matsala ba ne, amma zaɓar sa bayan an sa shi, musamman idan yana shawagi a kan rubutu, sai an buɗe jerin abubuwan da ke shafin da Alt da F10, a gangara a nemo shi da suna, alhali sunayen ba su wuce Picture 3 da Picture 7 ba, ba su gaya wa mutum komai. Matsar da shi da kibiya yana yiwuwa, rage girmansa ma yana yiwuwa ta hanyar rubuta tsawo da faɗi a shafin da ake shiga da Alt, J, P, amma abin da linzami zai ja cikin daƙiƙa biyu ya zama lissafi da gwaji. Haka ma jerin salo da launuka, inda babu harafi a kan kowane zaɓi, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya da kibiya. A PowerPoint, inda kusan komai akwati ne da ake ja, ban ga dalilin wahalar da kai ba.

Haruffan ma ba duka ne suke da ma'ana ba. H na Home ya dace, amma N na Insert da S na References da G na Design sai dai a riƙe su haka nan, kuma harafi ɗaya yana iya nufin abu biyu: M shafin wasiƙu ne a Word, amma shafin dabarun lissafi ne a Excel. Umarnin da wasu ƙananan manhajoji suka ƙara kuwa ana ba su Y1, Y2, lambobin da kan sauya idan aka ƙara ko aka cire wani. Wasu hanyoyin kuma sun yi tsawo har amfaninsu ya ragu. Abin da ya rage mini wannan damuwa shi ne ɗan ƙaramin zirin da ake kira Quick Access Toolbar, domin duk umarnin da aka ɗora a kansa yana samun lamba, na farko Alt da 1, na biyu Alt da 2, haka har zuwa 9. Umarni biyar ko shida da mutum ya fi bukata a rana, idan ya jera su a nan, ya huta da dogayen hanyoyi. Tun daga Office 2016 kuma akwai Alt da Q, wanda yake buɗe gurbin bincike a rubuta sunan umarni a same shi, ko da yake sai an san sunan da Turanci.

Bayan zirin umarni, akwai maɓallai kaɗan da aikin ba ya yiwuwa sai da su. F6 yana zagayawa tsakanin takarda, tagogin gefe da layin ƙasa, Shift da F10 yana maye gurbin danna linzami ta dama, Tab yana tafiya tsakanin gurabe a cikin taga, Ctrl da Tab yana sauya shafin tagar, maɓallin tazara kuma yana sa alama ko cire ta. F4 yana maimaita aikin ƙarshe, kuma a ganina shi ne maɓallin da aka fi yi wa rashin adalci, don mutane ƙalilan ne suke amfani da shi. A kwamfutocin cinya da dama, layin F an ba shi aikin ƙara sauti da hasken allo, sai an haɗa da Fn kafin ya yi aikinsa na asali. A wasu ana kulle wannan da Fn da Esc, a wasu kuma sai an shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar da ake shiga lokacin kunna ta. Wanda bai gyara wannan tun farko ba zai ɗauka rabin abin da aka faɗa masa ba ya aiki.

LibreOffice, wadda kyauta ce kuma gidauniyar The Document Foundation take kula da ita tun 2010, ta riƙe tsohon tsarin menu, kuma ta wannan fuskar ta fi natsuwa: Alt da harafin da aka ja wa layi, ko F10 sannan kibiya, komai yana inda aka san shi. Alt da X yana aiki a nan ma, kuma sauya gajerun hanyoyi a ƙarƙashin Tools da Customize ya fi sauƙin ganewa. Rauninta yana wajen zirin gumaka, domin babu haruffa a kansu. Sai an danna F6 ana tsallakawa daga ziri zuwa ziri, sannan a bi gumakan da kibiya har a kai wanda ake so, a danna Enter, a dawo takarda da Ctrl da F6. Na daina bin wannan hanya gaba ɗaya, tun da kusan duk abin da ke kan gumakan yana cikin menu. Mai kai-komo tsakanin manhajojin biyu kuma ya san cewa F12, wanda yake adana takarda da sabon suna a Word, lambobi yake jerawa a farkon sakin layi a Writer, wato manhajar rubutu ta LibreOffice, inda adanawa da sabon suna take Ctrl, Shift da S.

Duk haruffan da na ambata na Office mai Turanci ne. A Nijar da sauran ƙasashen da ake aiki da Faransanci, inda ake samun manhajar da wannan harshe tare da kibod mai jerin haruffa irin na Faransa da ake kira AZERTY, sunayen shafuka sun bambanta, haruffan jagora ma haka, har gajerun hanyoyin da aka saba da su sukan sauya, misali Ctrl da G ne yake kaurara rubutu a Word na Faransanci maimakon Ctrl da B. Ma'aikacin da ya koyi aiki a Kano ya je ofis a Maraɗi ko Damagaram ba zai dogara da abin da yatsunsa suka haddace ba, sai ya danna Alt ya karanta haruffan da suka fito a kan wannan kwamfutar.