Day One da rubutun da ba na so kowa ya karanta

Day One manhaja ce ta ajiye rubutun sirri a waya ko kwamfuta. Ta fito a 2011, kuma tun 2021 tana hannun Automattic, kamfanin da ke tafiyar da WordPress.com. Yawancin masu yabonta hotunan tafiye-tafiye da na 'ya'yansu suke zubawa a ciki. Ni ba wannan ya kai ni ba. Na sauke ta ne don in rubuta abin da ya shiga tsakanina da mahaifina, Allah ya jiƙansa, a shekararsa ta ƙarshe, maganar da na kasa yi da kowa har da matata. Da wannan ma'aunin zan auna ta.

Hanyar da na bi ta James Pennebaker ce, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. A binciken da suka fitar shi da Sandra Beall a 1986, an sa ɗaliban jami'a su yi rubutu na minti 15 kullum, kwana 4 a jere. Wasu an ba su abin da bai taka kara ya karya ba, kamar fasalin falonsu ko takalmin da ke ƙafarsu. Wasu kuma aka ce su rubuta mafi munin abin da ya taɓa samunsu, yadda ya faru da yadda suka ji. Waɗannan sun tashi daga rubutun ransu a jagule, amma a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. Sharuɗɗan ba su da yawa: kada ka tsaya, kada ka damu da ƙa'idar rubutu, kuma kanka kaɗai kake yi wa.

A wannan sharaɗi na ƙarshe Day One ta ciri tuta. Ana kulle ta da lambar sirri ko zanen yatsa ko fuska, kuma tana da tsarin murɗe rubutu tun kafin ya bar wayar, ta yadda ko ma'aikatan kamfanin ba za su iya karantawa ba. Akwai mabuɗin warware murɗaɗɗen rubutun da take ba ka, a adana shi da kyau. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, to ni a wurina shi ne komai. Na taɓa gwada littafi da biro, sai na lura ina rubutu ne ido ɗaya na kan wanda zai iya buɗe durowa. Ina kare Baba, ina kare kaina, ina sassauta kowace jimla. A cikin manhajar ne na iya rubuta cewa na yi fushi da shi, kuma fushin bai bi shi kabari ba. Ban taɓa faɗin wannan ba ko a zuci.

Shafin rubutun fari ne fes, babu tarkacen da ke ɗauke hankali, kuma ba sai ka tuna da adanawa ba, da kanta take yi. Shawara ɗaya: kashe gyaran kalmomi na wayarka kafin ka fara. Kana tsakiyar zubar da abin da ke cinka, wayar ta mayar maka da kalmar Hausa wata aba daban, shi ke nan zaren ya tsinke. Wannan laifin madannin waya ne, ba na manhajar ba.

Da na koma na karanta abin da na rubuta a jere, na ga wani abu da Pennebaker ya gano lokacin da ya riƙa ƙirga kalmomin masu rubutu da kwamfuta. Waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda kalmomin dalili da fahimta suke ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana, kuma suke sauya mahanga, daga ni zuwa shi ko ita. Rubutuna na farko duk "ni" ne: an yi mini, ban cancanta ba. Can gaba sai ga Baba ya shigo da nasa tsoron, mutumin da ciwo ya ƙwace wa iko a gidansa, ga kuma ɗa yana yanke masa hukunci. Ba na ce hakan ya wanke shi ba. Amma labarin ya samu kai da gindi, ya daina dawo mini a gutsure cikin dare.

Sai dai fa an gina Day One ne don mai son tunawa, ba don mai son saukewa ya wuce ba. Tana ƙirga maka kwanakin da ka yi rubutu a jere, tana tunatar da kai, tana kawo tambayar rana da Turanci. Duk wannan ya dace da mai tara tarihin rayuwarsa. Ga irin rubutun da nake magana, Pennebaker da kansa bai ce a yi kullum ba, don maimaita ciwo ɗaya ba iyaka saƙa da warwara ne kawai. Akwai kuma sashen On This Day, mai fito maka da abin da ka rubuta a rana irin ta yau a shekarun baya. Ga hoton jariri abin daɗi ne. Ga shafin da ka jiƙa da hawaye, ba kowace safiya kake son a miƙo maka shi ba. Ana iya cire kundi, wato rukunin da kake tara rubutunka a cikin manhajar, daga wannan sashen a saituna, haka ma tunatarwar, kuma ina ba da shawarar a yi hakan tun ranar farko. Wurin da kake da yanayin sama da take liƙawa a kan kowane rubutu kuwa, ban ga amfaninsu a nan ba.

Kada kuma a ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Joanne Frattaroli ta tattara bincike 146 a 2006, ta samu cewa amfanin yana nan amma ɗan kaɗan ne. Idan raunin sabo ne fil, a jinkirta. Idan ka fara ka ji kanka na neman kwancewa, ka tsaya, wannan ma ƙa'idar Pennebaker ce. Wanda damuwa ta hana shi barci da aiki, likita yake buƙata, manhaja ba ta maye gurbinsa.

Naɗar murya da haɗa na'urori da yawa na masu biyan kuɗi ne. Don wannan aikin ban buƙace su ba, ta kyauta ta wadatar da ni.