Irin tomatillo da na saya ta WhatsApp, ya yi amma da gyara

Jama'a wanga irin na saye shi ne wajen wata mai saida iri da buhunan shuka ta WhatsApp, ta sako min a mota zuwa nan Birnin Kebbi, kwana biyu ya iso. Ga wanda bai san tomatillo ba, ɗan uwan tumatir ne daga Meziko, kore shar cikin wata riga kamar takarda, in kun san matsarmama da ke fitowa gefen gona da damina to babban yayanta ne.

Iri kam ba ƙarya, ƙwara 10 na zuba cikin watan Nuwamba, guda 8 suka tsiro. Inda ta ɓata min shi ne da na tambaye ta yadda ake yi sai cewa tayi "Hajiya kamar tumatir ne", shikenan fa. Ni kuwa na bar guda ɗaya tal a jarka mai lita 25 da na yanke baki na huda gindi, saura na rabar wa maƙwabta. Yayi tsayi, ga fure ruwan ɗorawa birjik, rigunan na fitowa gwanin sha'awa amma in ka matsa, fanko! Ashe shi baya yin 'ya'ya da furensa shi kaɗai, sai an ajiye aƙalla biyu kusa da juna ƙudan zuma na kai kawo tsakaninsu. Haka na cire kunya naje na karɓo kyautar da na ba maƙwabciyata, har yau tana min tsiya.

Daga nan fa sai 'ya'ya, rigar na cika har ta tsage, lokacin ake tsinka. Akwai danƙo a jikinsa sai an wanke, ga tsami mai daɗi, na gasa shi da attarugu da albasa na daka muka ci da soyayyen kifin Yauri, maigida da ke cewa ina ɓata ruwa shi ya sharce kwanon.

Yana son sanda don rassan karyewa suke, ruwa kuma kullum saboda iskar hunturu na busar da jarka nan da nan. Zafin Maris na shigowa furen ya fara zubewa, kar wanda ya shuka a makare.

Buhunan ta dai kar ku saya, nawa wata uku rana ta cinye su. Iri zan ƙara saye, amma don Allah 'yar uwa ki riƙa faɗa wa mutane su bar biyu.