Kejin tukurwa ko na waya: wanne ya dace da kanari?

Malam, ka tambaya ko ka bar kanarin da ka saya a cikin kejin tukurwar da mai tsuntsaye ya haɗa maka da shi, ko kuwa ka nemi na waya, sannan ka ce kana da niyyar kawo aku nan gaba. Na riƙe kanari a cikin duka biyun, kuma a ganina na waya ne mazaunin dindindin, na tukurwa kuwa masauki ne na ɗan lokaci.

Ba zan rage wa na tukurwa darajarsa ba. Yana da araha, ba shi da nauyi, kuma ba ya ɗaukar zafi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu, lokacin da ƙarfen da ya yi sa'a guda a rana yake ƙona hannu. Sai dai yawancinsu an saƙa su ne domin a ɗauko tsuntsu daga kasuwa zuwa gida, shi ya sa za ka ga ƙanana ne. Shi kanari ba mai hawa ba ne, tashi yake yi daga wannan sanda zuwa waccan, saboda haka tsawon keji daga hagu zuwa dama ya fi masa amfani a kan tsayinsa. Ka nemi wanda ya kai santimita 60 ko fiye, mai kusurwa huɗu, ka bar masu zagayen nan da ake saya domin ado, domin suna rage masa filin tashi kuma ba su da lungun da zai raɓe idan ya firgita.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne tsabta, kuma a nan ne na sha wahala. Tukurwa tana shan ruwa, kashin tsuntsu da ƙaiƙayin gero suna maƙalewa a tsakanin saƙar, idan damina ta zo kuma sai ta fara fumfuna. Mafi muni shi ne jar ƙuma, wadda take ɓuya a tsaguwar itace da rana, ta fito da dare ta sha jinin tsuntsu. Kanarina na farko ya daina kuka, ya riƙa kumbura gashi yana gyangyaɗi da rana tsaka, na yi ta canza masa abinci ban gane ba, sai da wani dattijo mai kiwon tantabaru ya ce in lulluɓe kejin da farin ƙyalle in duba da asuba. Da na ɗaga ƙyallen sai ga jajayen ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono, suna motsi. Babu wankin da ya fitar da su daga wannan keji, ƙona shi na yi. Na waya kuwa, idan yana da tiren da ake zarowa daga ƙasa, sai ka shimfiɗa takarda ka canza ta kullum, ranar hutu ka fitar da tsuntsun ka wanke kejin da ruwan zafi ka shanya.

Ta fuskar tsaro ma na waya ne a gaba, domin ɓera yana iya gaigaye tukurwa a dare ɗaya, mage kuma idan ta ture shi daga inda aka rataya yakan tarwatse.

Amma ba kowane kejin waya ne ya cancanci kuɗinka ba. Ka auna tazarar da ke tsakanin wayoyin, kada ta wuce santimita 1.2, domin tsuntsu yakan cusa kansa ya kasa fitarwa. Ka shafa yatsa a duk inda aka yi walda ko aka yanke waya, idan ya karce ka to zai yanki ƙafarsa. Ka guji mai tsatsa da mai fentin da ke ɓarewa, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda guba ce ga tsuntsu. Sabuwar ragar da aka shafe da tutiya kuwa, irin wadda ake yi wa kaji akurki da ita, sai an goge ta da buroshi da ruwan khal (vinegar) an ɗauraye sosai kafin a saka tsuntsu, domin tutiyar ma guba ce gare shi. Matsalar zafin ƙarfe tana warwaruwa da wurin ajiya: inuwa mai iska, ɓangare ɗaya a jikin bango, nesa da madafi da hayaƙin maganin sauro, da hunturu kuma a rufe shi da zane da dare. Sandunan roba da ke zuwa da kejin ka cire su ka sa busassun rassa masu kauri daban-daban.

Game da aku, a nan babu ma abin kwatantawa, domin bakin da ke fasa ƙwallon ɗan itace ba zai bar tukurwa ta kwana ba, kuma kejin kanarin ma ba zai riƙe shi ba. Ka kuma binciki asalinsa kafin ka biya, domin tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta amince da hana cinikin aku mai jar wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Yana buƙatar ƙarfe mai kauri, tazarar santimita 2 zuwa 2.5, da wasu sanduna a kwance domin hawa yake yi da baki da ƙafa, da faɗin da zai buɗe fukafukansa gaba ɗaya ba tare da sun taɓa gefe ba. Da yake yana tauna ƙarfe, haɗarin tutiya da fenti ya fi yawa a kansa. Ƙofar kuma ka sa mata kwaɗo, domin aku yana lura da yadda ake zare sakata, kuma ba ya daɗewa yake koyon buɗe ta da kansa.