Fade In ko Final Draft: amsa ga mai rubuta labarin da yake tsallaka shekaru

Malam, tun da tambayarka tsakanin Final Draft ne da Fade In, wato manhajoji biyu na rubuta labarin fim, kuma labarin naka yana kai da komo tsakanin Daura ta 1998 da ta yau, shawarata ita ce ka sayi Fade In. Ita nake amfani da ita, kuma lokacin da na saya kuɗinta bai wuce dala 80 ba, biya ɗaya, sabuntawa kuma kyauta. Final Draft ba ta da laifi, ita ce aka fi sani a masana'antar fim ta Amurka, amma a lokacin farashinta yana kusan dala 250, kuma ban ga abin da za ta yi wa marubucin da yake zaune a Katsina wanda ya kai wannan tazarar ba. Ko da furodusa ya nace sai an ba shi fayil irin na Final Draft, Fade In tana fitar da shi.

Abin da ya sa ta shiga raina shi ne kan fitowa, wato layin nan na manyan baƙaƙe da yake faɗin abu uku kawai: ciki ne ko waje, wane wuri ne, kuma rana ce ko dare. Misali, EXT. RIJIYAR KUSUGU – RANA. Ina barin INT. (ciki) da EXT. (waje) yadda suke domin manhajar da ma'aikata duk sun san su, sauran kuwa Hausa nake rubutawa. Wata rana darakta ya kira ni bayan sallar isha'i yana neman jerin duk fitowar da za a ɗauka a gida ɗaya, domin kwana biyu kacal aka ba su aron gidan. Da na fitar da rahoton wurare daga manhajar sai na ga gidan ya rabu biyu, ashe a wasu shafukan na rubuta ZAUREN MALAM, a wasu kuma SORON MALAM, sakamakon zaman da na yi da Kanawa. Cikin minti kaɗan na gyara, kuma tun daga ranar nake barin manhajar ta ƙarasa mini sunan wuri da zarar na fara buga shi.

Batun tsallaken lokaci kuwa, babu ɗaya daga cikin manhajojin biyu da za ta yanke maka hukunci, kuma a nan ne na fi ganin sababbin marubuta suna tuntuɓe. Kan fitowa na ma'aikata ne. Mai kallo ba ya ganinsa. Idan ka rubuta BAYAN SHEKARA 27 a kan fitowa ka tsaya nan, mai kwalliya da mai kula da sutura sun samu labari, amma wanda yake kallo a waya bai san an motsa ba. Saboda haka nake raba aikin gida biyu. Shekarar takan zo a ƙarshen kan fitowa, kamar INT. ZAUREN MALAM – DARE – 1998, sannan a layin da yake ƙasa in rubuta SUPER: "Daura, 1998", wanda yake nufin rubutun zai bayyana a fuskar allo. Idan waiwaye ne, sai a ambata shi a farkonsa, a kuma rubuta KOMAWA YANZU inda ya ƙare, in ba haka ba mai karatu zai yi shafi uku yana zaton mamaci ya dawo. Ɗan gajeren tsallake a wuri ɗaya ba ya bukatar wannan hidima, JIM KAƊAN ya wadatar.

Ni dai na fi son hoto ya faɗi shekarar kafin rubutu ya faɗe ta. A 1998 babu wayar salula a hannun jama'a, domin sai a 2001 layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya, kuma takardar naira 100 ma ba ta fito ba sai ƙarshen 1999. Idan jaruminka ya ƙirga sadaki da 'yan naira hamsin-hamsin, sannan a fitowa ta gaba ɗansa ya tura kuɗi ta waya a ƙarƙashin dalbejiyar da muka ga ana dasawa, mai kallo ya riga ya gane.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shagunan da suke zuba manhaja a filashi su rantse maka cewa ta asali ce. Na taɓa ba wani naira dubu biyar a kan abin da ya kira Final Draft, ashe fasasshiya ce, wato ta sata. Ta rufe kanta ina tsakiyar kashi na huɗu, ta bar mini ƙwayar cuta a kwamfuta, mai shagon kuma ya ce bai taɓa ganin fuskata ba. Ka shiga shafin kamfanin Fade In da kanka, ka sauke ta gwaji wadda take kyauta, ka rubuta fitowa goma na labarinka har da tsallaken farko, sannan ka biya.